Tarihin Ilimin Abin da ke Ɗarsuwa ga Zuciya, da Hanyar da Littattafansa Suka Biyo Zuwa Ƙasarmu

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda babu wani tunani da zai gilma ga zuciyar bawa face yana sane da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, kundin da muka gyara muka fitar a nan sharhi ne na ajami a kan wani yanki na littafin Minhajul Abidina, wato yankin da ke magana a kan khawaɗir, abubuwan da ke ɗarsuwa ga zuciya ba tare da mutum ya kira su ba. Na ga ya dace in gabatar da tarihin wannan fanni kafin a shiga nassin, domin almajirai da yawa a yau sun ɗauka maganar ƙarfin tunani da gyaran ciki sabon abu ne da ya zo mana daga Turai ko Amurka. Wasu kuma sun ɗauka duk littafin da ya ambaci zuciya ya fita daga fiƙihu, sai su kauce masa. Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah ya datar da mu da kai, cewa wannan ilimi ya haura shekara dubu ana rubuta shi, yana da malamai da isnadi da ƙa'idoji, kuma ta hannun malaman fiƙihun Malikiyya ya iso gare mu.

Fasali na farko: daga Basara zuwa Bagadaza

Daga cikin magabatan da suka fara tsara wannan magana cikin littafi akwai Harisu ɗan Asad, wanda aka haifa a Basara, ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243 bayan hijira, daidai da 857. Laƙabinsa Muhasibi, saboda yawan yi wa kansa hisabi. A cikin littafinsa Arri'aya ya zauna ya bi diddigin riya da jiji da kai da girman kai da hassada da ruɗuwa, yana nuna ta inda kowane ke shigowa da yadda yake ɓuya cikin aikin ƙwarai. Abin da ya gina littafin a kansa shi ne cewa kowane aiki na gaɓɓai yana farawa da wani ɗan motsi a zuciya, kuma wanda ya tsaya ya tambayi wannan motsi kafin ya bi shi ya huta da gyara a baya. Imamu Ahmad ɗan Hambali bai yarda da shigar Muhasibi cikin ilimin kalam ba, wannan kuwa ya sa mutane da yawa suka ƙaurace masa a ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka littattafansa sun rayu, kuma Junaidu na cikin waɗanda suka zauna gabansa.

Bayansa sai Abu Ɗalib al-Makki, mai Ƙutul Ƙulub, wanda ya keɓe fasali mai tsawo ga rabe-raben khawaɗir. Ya rasu a 386, daidai da 996, shekarar da mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya rasu a Ƙairawan. Sai Ƙushairi, wanda ya rubuta tasa Risalar a 437, ya tattara kalmomin mutanen wannan fanni ya bayyana ma'anar kowace, har da abin da aka ruwaito daga Junaidu na bambanci tsakanin kiran rai da kiran Shaiɗan. Za mu komo ga wannan bambanci a gaba.

Fasali na biyu: Gazali da matakan tunani

An haifi Abu Hamid al-Gazali a Ɗus a 450, daidai da 1058. A 484 ya hau kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 suna zama gabansa. Shi da kansa ya ba da labari cikin Almunƙiz cewa ya binciki niyyarsa ta koyarwa, sai ya tarar neman suna da ɗaukaka ne ke tura shi. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo tsakanin tafiya da zama, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya ƙi shiga. A ƙarshen 488, daidai da 1095, ya bar Bagadaza ya nufi Sham, daga nan Ƙudus, daga nan Hajji. Ya ambaci cewa littattafan Muhasibi da Ƙutul Ƙulub na cikin abin da ya karanta a wannan fanni. Ya rasu a garinsu a 505, daidai da 1111.

Littafinsa Ihya'u Ulumiddin kashi huɗu ne, kowane kashi littafi goma: ibada, al'adu, abubuwa masu halakarwa, da abubuwa masu tsirarwa. Kashi na uku ya buɗe shi da bayanin abubuwan al'ajabi na zuciya, kuma a nan ya jera matakan da tunani ke bi kafin ya zama aiki. Da fari abu ya ɗarsu. Sai rai ya karkata gare shi. Sai zuciya ta yanke cewa ya kamata a yi. Sai a ƙudurta. Matakai biyu na farko ba a kama bawa da su, domin ba da zaɓinsa suke zuwa ba. Hisabi yana farawa daga inda zaɓi ya shigo.

Malaman baya sun ƙara tsefe matakan suka mai da su biyar, kamar yadda Suyuɗi ya kawo daga Subki cikin Al'ashbahu wan Naza'ir: hajis, khaɗir, zancen zuci, hammu, da azama. Uku na farko an yafe su. Hammu na alheri ana rubuta lada a kansa, na sharri kuwa ba a rubuta zunubi. Azama ita ce ake kama mutum da ita. Ga misali daga zauren karatu. Malam ya yaba karatun wani ɗalibi a gabanka, sai ka ji wani abu ya soke ka. Wannan ba laifinka ba ne. Ka koma ɗaki kana juya maganar, kana tuno kurakuransa na bara. Har yanzu ƙofa a buɗe take ka fita. Ranar da ka ɗaura niyyar kai sukarsa wajen Malam, ranar ce alƙalami ya hau kanka. Amfanin sanin matakan biyu ne: mai yawan waswasi ya samu sauƙi, ya daina ɗaukar kowane mugun tunani a matsayin kafirci ko zunubi, mai sakaci kuma ya san inda ya kamata ya tsaya tun icce yana ɗanye.

Minhajul Abidina, wanda sharhinmu ke kansa, ya fi Ihya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. An tsara shi bisa tuddai bakwai da mai ibada zai hau: ilimi, tuba, abubuwa masu tarewa, abubuwa masu bijirowa, abubuwa masu zaburarwa, abubuwa masu ɓata aiki, sai godiya. Ibn Arabi ya jingina littafin ga wani malamin Sabta, Abul Hasan Aliyu al-Musaffir, amma malamanmu da sunan Gazali suka karɓe shi suka karantar da shi. Babin khawaɗir yana cikin tudu na uku, inda ake maganar duniya da mutane da Shaiɗan da rai.

Fasali na uku: yadda Malikawa suka ƙi shi, sa'an nan suka rungume shi

Ihya bai shiga ƙasashen Malikiyya cikin sauƙi ba. A 503, daidai da 1109, Gazali yana raye, aka ƙone littafin a Ƙurɗuba bisa fatawar alƙalin garin, Ibn Hamdin, a zamanin Sarki Aliyu ɗan Yusufu ɗan Tashfin. Wuta ba ta hana a ci gaba da kwafarsa ba. Kafin ƙarnin ya ƙare, Abu Madyan, wanda ya rasu a 594, yana cikin masu karanta shi da karantar da shi a Magrib.

Daga wannan tushe Abul Hasan ash-Shazali ya fito, ya koma Masar, ya rasu a 656 a kan hanyar Hajji. Almajirinsa Abul Abbas al-Mursi ya gaje shi a Iskandariyya. A garin akwai wani matashin malamin fiƙihun Malikiyya, Ibn Aɗa'illah, wanda da fari yana cikin masu sukar Mursi. Da ya je ya saurare shi da kunnensa sai ya lizimce shi, kuma Mursi bai umarce shi ya bar karatun fiƙihu ba. Shi ne ya rubuta Hikam, gajerun maganganu na hikima da ake haddacewa, da Attanwir, wanda ke magana a kan barin tsara wa kai al'amari tare da Allah. Ya rasu a Alƙahira a 709, daidai da 1309.

Ibn Abbad ar-Rundi, limamin masallacin Ƙarawiyyin a Fas, wanda ya rasu a 792, ya yi wa Hikam sharhin da ya yaɗa shi a Magrib. Sai Ahmad Zarruƙ, haifaffen 846, wanda ya rasu a Misrata ta ƙasar Libiya a 899, daidai da 1493. Ya yi wa Hikam sharhi ba sau ɗaya ba, ya yi wa Risala sharhi, ya kuma rubuta Ƙawa'idut Tasawwuf, inda ya sa wa fannin ƙa'idoji irin na usulu, ya ɗaure shi da fiƙihu ɗauri mai ƙarfi, yana sukar masu da'awar ilimin ɓoye ba tare da Shari'a ba.

Daga nan maganar zuciya ta sauko cikin ƙananan littattafan da kowane almajiri ke farawa da su. Buɗe Ahalari ka duba: kafin a kai ga tsarki da salla, mai littafin ya yi maganar gyara imani da tuba da tsare harshe, ya hana girman kai da riya da hassada. Ibn Ashir na Fas, wanda ya rasu a 1040, ya rufe Almurshidul Mu'in da babin tasawwufi bayan tauhidi da fiƙihu, kuma hisabin kai da binciken khawaɗir suna cikin abin da ya ambata. Saboda haka duk wanda ya sauke Ahalari ya riga ya taka ƙofar wannan ilimi, ko ya sani ko bai sani ba.

Fasali na huɗu: ƙetare Sahara

Littattafai sun biyo hanyar ayari da ta alhazai. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya ratso Abzin ya isa Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, daga baya ya tafi Gao wajen Askiya Muhammadu. A wannan zamani ne Suyuɗi ya aiko wasiƙar nasiha daga Masar zuwa ga sarakunan Agadas da Katsina. Wannan yana nuna cewa a lokacin da Zarruƙ ke rubutu a Misrata, takardun malamai suna kai da kawowa tsakanin ƙasarmu da arewa.

Hujja mafi bayyana ta fito daga Tumbutu. Ahmad Baba, wanda ya rasu a 1036, daidai da 1627, ya lissafa cikin Nailul Ibtihaj littattafan da ya karanta gaban malaminsa Muhammadu Bagayogo. A jerin akwai Muwaɗɗa da Mukhtasar na Khalil, kuma a cikinsu akwai Hikam tare da sharhin Zarruƙ. Ke nan shekara ɗari bayan rasuwar Zarruƙ, sharhinsa yana cikin karatun babban malamin fiƙihu a bakin kogin Isa, gefe da gefe da Khalil.

A ƙasar Adar da Gobir isnadin ya bi ta Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda kabarinsa yake ƙasar Madawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, haifaffen Maratta kusa da Galmi a 1168, daidai da 1754, ya karanta gabansa ya bi shi har Agadas, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya faɗa cikin Ida'un Nusukh. Shehu ya rubuta Ɗariƙul Janna, ɗan littafin da ya taƙaita maganar Gazali a cikinsa, ya kuma taƙaita maganar Muhasibi a wani. Shi da mutanen gidansa, har da ɗiyarsa Nana Asma'u, sun zuba wa'azin gudun duniya da gyaran zuciya cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa da ajami, domin mata da makiyaya da manoma waɗanda ba su jin Larabci.

Takardar da aka kwafi yawancin kundayen ƙarni na 19 a kanta daga Italiya ta fito. Idan ka ɗaga ta ga haske za ka ga tambarin jinjirin wata uku. Tana biyowa ta Tarabulus da Gat da Agadas zuwa Damagaram, wadda ta zama babban zangon fatake a zamanin Sarki Tanimun, sa'an nan ta wuce Kano. Takarda tana da tsada, kwafar littafi da alƙalamin kara da tawadar ƙaro tana cin watanni. Wannan shi ya sa ƙananan littattafai irin Minhaj da Bidayatul Hidaya da Hikam suka fi Ihya yawo cikin gafaka. Sai da bugun Masar ya yawaita a kasuwanni Ihya cikakke ya shiga hannun ɗalibi talaka. Da yawa daga kundayen hannu na ƙasarmu yanzu suna ajiye a Yamai, a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdou Moumouni, tarin da marigayi Boubou Hama ya aza harsashinsa. Wasu kuma suna nan cikin gidajen malamai, gara da ruwan sama suna cin rabonsu kowace damina.

Fasali na biyar: abin da Hausa ta yi da kalmomin

Karatun zaure karatu ne na baki da baki. Ɗalibi ya ja Larabci, malam ya fassara kalma kalma, abin da ya yi wuya a rubuta shi da ajami a gefe ko tsakanin layuka. Ta haka kalmomin wannan fanni suka sami tufafin Hausa. Wasu an bar su yadda suke: niyya, himma, riya, hassada, waswasi, tuba. Wasu an ɗinka musu sabo: zuhudu ya zama gudun duniya, ujubu ya zama jiji da kai, tawakkali ya zama dogaro ga Allah, hawa ya zama son zuciya. Kalmar nafs ita ta fi wahala, domin wani wuri rai ce, wani wuri kai ce, wani wuri son rai ne. Idan ka ga mun sa bayani a ƙarƙashinta cikin wannan bugu, dalilin ke nan.

Ga taƙaitaccen abin da za ka tarar cikin nassin. Khawaɗir iri huɗu ne: wanda Allah ke jefawa kai tsaye, wanda ke zuwa ta hanyar mala'ika, wanda ke tasowa daga son rai, da wanda Shaiɗan ke sakawa. Ana auna kowane da ma'auni uku. Na farko Shari'a. Idan bai bayyana ba, a duba ko salihan bayi sun aikata irinsa. Idan har yanzu da duhu, a duba rai: abin da take ɗoki a kansa don daɗinsa abin tuhuma ne, abin da take ja da baya gare shi don nauyinsa sau da yawa alheri ne. Bambancin da aka ruwaito daga Junaidu kuwa shi ne: rai naci gare ta, abu ɗaya take so kuma shi za ta yi ta maimaitawa, kamar yaro mai kukan ƙosai. Shaiɗan ba ruwansa da irin saɓon, in ka rufe wannan ƙofa sai ya zagaya ta waccan, kuma zikiri yana raunana shi. Akwai ma tunanin alheri da Shaiɗan ke kawowa don tarko. Alamarsa gaggawa da zumuɗi da rashin duba ƙarshe, kamar ɗalibin da bai sauke Risala ba ya ji yana son ya buɗe Mukhtasar a bainar jama'a.

Fasali na shida: tsakanin wannan da littattafan zamani

A yau akwai littattafan ƙarfin tunani a shagunan Yamai da Maraɗi da Damagaram, da Faransanci da Larabci, wasu kuma ana sauraronsu a waya. Asalin da yawa daga cikinsu Amurka ne, irin littafin da Fasto Norman Vincent Peale ya fitar a 1952, kuma marubucin Masar Ibrahim al-Fiƙi, wanda ya rasu a 2012, ya yaɗa irin wannan magana cikin Larabci. Ban ce duk abin da ke cikinsu ɓata ne ba. Inda suka ce tunanin da mutum ya saba da shi yana gina halinsa, Gazali ya riga su. Inda suka hana yanke ƙauna da ragwanci, mu ma muna cewa himma ba ta ga rago.

Saɓanin yana wuri biyu. Na farko, wasunsu suna koyar da cewa abin da ka ƙudurta a zuci da ƙarfi dole ya zo maka, dukiya ko lafiya ko mulki. Ibn Aɗa'illah tun a farkon Hikam ya sa wa himma iyaka, ya nuna ba ta tsallake ƙaddara. Ikon tunani a kan aikinka yake da halinka, kuma a nan ake tambayarka. Saukar ruwa da farashin gero ba su cikin wannan. Manomin Tawa da ya yi huɗa ya yi shuka ya yi noma, ruwa ya ɗauke a watan takwas, zalunci ne a ce masa tunaninsa ne ya gaza. Malamanmu sun umarce shi da riƙon sababi, suka sauke masa nauyin sakamako. Na biyu, waɗancan littattafai suna fara tambaya da me kake so, sa'an nan su koya maka hanyar samu. Namu suna fara tambaya da wane ne ke so a cikinka, domin son zuciya ɓacin zuciya. Wanda ya ƙarfafa himmarsa bai binciki mafarinta ba yana iya yin shekara ashirin yana yi wa girman kansa bauta, yana kiran abin ci gaba.

Shawarata ga mai karanta wannan kundi ita ce ya karanta shi gaban malami kamar yadda aka karanto shi, bayan ya san farillan tsarkinsa da sallarsa, domin haka Zarruƙ ya jera su. Ya ɗauki kaɗan kaɗan, shafi ɗaya a zama ɗaya ya isa. Ya keɓe ɗan lokaci bayan lisha ya bi yininsa, ya ɗauki tunani ɗaya da ya fi damunsa ya aza shi bisa ma'aunan nan uku. Kada ya auna kowa da su sai kansa. Wanda kuma yake da tsohon kundi a gida, na mahaifi ko na kaka, ya fito da shi daga inda laima ke kama shi, ya nuna wa masana a kwafe shi, domin bayanin gefe ɗaya da ya ɓace fassarar wani malami ce ta tafi.

Allah ya jiƙan malamanmu da malamansu, ya saka wa waɗanda suka kwafa da waɗanda suka adana, ya tsarkake zukatanmu daga riya da hassada, ya sa abin da muka karanta ya zama hujja gare mu ranar gamuwa da shi. Allah shi ne mafi sani. Tammat, da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa.